Jagorar Tafiya Ga Mai Murmurewa Daga Cutar Cizon Kaska

Cutar Laim ta samo sunanta daga wani ƙaramin gari a jihar Konetikat ta Amurka, inda aka lura da tarin yara masu kumburin gaɓoɓi a 1975. A 1982 aka bayyana ƙwayar da ke haddasa ta, Boreliya, wadda wata ƙaramar kaska ke ɗauka. Ta fi yawa a arewa maso gabashin Amurka, da jihohin Wiskonsin da Minesota, da kudancin Kanada, da ƙasashen Turai da dama. Yawancin waɗanda suka sha magani a kan lokaci sukan warke sarai. Wasu kuwa, bayan an gama magani, gajiya da ciwon jiki da mantuwa kan bi su wata shida ko fiye. Akwai kuma masu fama da babesiya, wani ciwon jini da kaska ke yaɗawa, da waɗanda cizon kaska ya bar musu alfa-gal, wato jikinsu ya daina karɓar jan nama. Domin irin waɗannan mutane aka rubuta wannan jagora, musamman mazauna waɗancan ƙasashe da ke shirin zuwa gida, ko Umra, ko wata doguwar tafiya.

Abu biyu ne ke kayar da mai murmurewa a hanya. Na farko, ya auna tafiyar da ƙarfin da yake ji ranar da jiki ya yi daɗi. Na biyu, wanda ya fi haɗari, sabon ciwo ya kama shi ya ce ai tsohon ciwon ne ya motsa.

Mako shida kafin tashi: ganin likita

Kada ka sayi tikitin da ba a canzawa sai ka ga likitanka. Mako huɗu zuwa shida ake so, domin wasu alluran rigakafi na buƙatar lokaci, kuma idan za a canza maka magani gara matsalarsa ta bayyana kana gida.

Akwai yanayin da ɗage tafiya shi ne daidai. Idan cutar ta taɓa zuciya, kana jin bugun ya rikice, ko jiri, ko ka taɓa suma, to sai an yi gwajin zuciya an tabbatar ta daidaita. Idan har yanzu ana yi maka allura ta bututun da aka bari a jijiyar hannu, ka jira a cire, domin zufa da ƙura da rashin wanda ya iya kula da bututun kan kai ƙwayar cuta cikin jini kai tsaye. Haka ma mai babesiya da bai gama shan magani ba, ko wanda jininsa bai dawo ba. Iskar cikin jirgi daidai take da ta saman dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, mai ƙarancin jini kan ji jiki a can.

Ka roƙi likita takarda mai shafi ɗaya, ba tarin fayil ba. Ta ƙunshi sunan cutar, da ranar da aka gano ta, da magungunan da ka sha da tsawon kwanakin, da waɗanda kake sha yanzu da ainihin sunansu na kimiyya da awonsu, da duk abin da jikinka ba ya so, da sakamakon gwajin jini na ƙarshe. Wannan takarda tana da nauyi ƙwarai ga mai zuwa Najeriya ko Nijar, domin cutar Laim ba ta cikin cututtukan da likitocinmu ke gani, kuma ba ko'ina ake gwajinta ba. A sa wani bayani a ciki: gwajin garkuwar jiki na Laim kan ci gaba da nuna alama shekaru bayan an warke. Ba shi ne ma'aunin warkewa ba, kada wani ya gan shi ya sake ɗora ka kan magani. Binciken da aka yi a Amurka da Holan bai nuna cewa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na watanni yana kawar da ragowar gajiyar ba, illa kawai yake ƙarawa.

Maganar rigakafi: Najeriya da Nijar da Gana na neman katin allurar zazzaɓin shawara. Wannan allura tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, saboda haka wanda ke shan magungunan danne garkuwar jiki saboda kumburin gwiwa da ya ƙi tafiya dole ya faɗa wa mai allurar. Mai alfa-gal shi ma ya faɗa, domin wasu allurai na ɗauke da jelatin da ake samu daga fata da ƙashin dabba. Mai zuwa Makka na buƙatar allurar sanƙarau. Mai shirin yawo a dazuzzukan Ostiriya, ko kudancin Jamus, ko ƙasashen Baltik, ya tambayi allurar kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke yaɗawa. Warkewa daga Laim ba ta kare mutum daga wannan, ba ta ma kare shi daga sake kamuwa da Laim ɗin kanta.

Wajen sayen inshorar tafiya ka bayyana ciwonka. Wanda ya ɓoye don ya rage kuɗi, ranar da ya kwanta asibiti kamfani zai ƙi biya.

Zazzaɓin cizon sauro

Wanda ya shekara biyu ko uku a Boston ko Landan ya rasa yawancin juriyar da yake da ita ga maleriya, ko da an haife shi a Fagge. Jikin da bai gama farfaɗowa ba kuwa bai kamata ya haɗu da ita ba. Magungunan kariya biyu aka fi bayarwa. Malarone ƙwaya ɗaya kullum tare da abinci mai maiƙo, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin isa, a ci gaba kwana 7 bayan an baro. Doksisaikilin miligiram 100 kullum, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin isa, a ci gaba mako huɗu bayan an baro. Likita ne zai zaɓa, gwargwadon sauran magungunanka da lafiyar ƙoda da hanta. Gidan sauro yana nan a matsayinsa ko kana shan magani.

Mai babesiya yana da ƙarin abin lura. Ƙwayar Babesiya cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, kuma a ƙarƙashin madubin gwaji tana kama da ƙwayar maleriya har ta ruɗi ma'aikacin da bai saba da ita ba. Takan dawo wa masu raunin garkuwa, da waɗanda aka cire wa saifa, da masu sikila da saifarsu ta daina aiki. Idan zazzaɓi ya zo, aka ce maleriya ce, aka sha magani kwana biyu babu sauƙi, ko fitsari ya yi baƙi, ko ido ya yi ɗorawa, a nuna takardar likita a nemi a sake duba jinin da babesiya a zuciya. Wanda ke shan azitromaisin, ɗaya daga cikin magungunan babesiya, ya faɗa kafin a ba shi maganin maleriya, domin haɗa shi da wasu kan rikita bugun zuciya.

Shirya magani

Magani a jakar hannu yake tafiya, cikin kwalinsa na asali mai ɗauke da sunanka. Akwatin kaya kan ɓata, kan kuma yi kwana uku a filin jirgin da aka canza. Ka ɗauki abin da zai ishe ka duka tafiyar da ƙarin na mako biyu. Maganin ruwa da ya wuce mililita 100 ana barin sa ya wuce wurin bincike idan ka fito da shi ka nuna takarda.

Masu ciwon jijiya bayan Laim sukan sha gabafentin ko firegabalin, wasu tiramadol ko kodin. Waɗannan magunguna ana sa musu ido sosai a Saudiyya da Daular Larabawa, kuma hukumar NDLEA a Najeriya ba ta wasa da tiramadol da kodin. Ka duba dokar ƙasar da za ka sauka da wadda za ka yada zango, ka riƙe takardar likita, kada ka ɗauki fiye da na kwanakin tafiya, kada kuma ka karɓi saƙon magani na wani. Gabafentin da firegabalin ba a daina su farat ɗaya, rashin barci da fargaba kan biyo baya, wani lokaci har da farfaɗiya. Shi ya sa ƙarewarsu a hanya ba ƙaramar matsala ba ce.

Yawancin ƙwayoyi ana son su ƙasa da maki 25 zuwa 30 na ma'aunin zafi. Aljihun mota a Sakkwato cikin watan Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ajiye su a ɗaki mafi sanyi, cikin durowa, ba kan taga ba, ba banɗaki ba.

Tsakanin Niyok da Kano akwai tazarar awa 5 lokacin zafinsu, awa 6 lokacin sanyi. Maganin da ake sha sau biyu a rana, ka riƙa matsar da lokacinsa da awa ɗaya ko biyu kullum har ya dace da agogon inda kake. Kada ka haɗa biyu wuri ɗaya don ka rama. Sa ƙararrawa a waya, domin mai fama da mantuwa ba zai dogara da kansa ba ranar da bai yi barci ba.

Doksisaikilin da rana da nono

Wannan magani shi ne aka fi bai wa masu Laim, kuma matsalolinsa sun fi fitowa a tafiya. Yana sa fata ta ƙone a rana cikin ɗan lokaci, har ga mai baƙar fata. Bayan hannu, da hanci, da saman ƙafa ga mai silifas, su suka fi ƙonewa. Sa riga mai dogon hannu, da malafa ko laima, da man kare rana mai lamba 30 ko fiye, a sake shafawa duk awa biyu. Mai harami da kansa ke buɗe ya riƙe laima, ya kuma yi ɗawafi da dare ko bayan asuba.

Ana haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe aƙalla minti 30. Wanda ya haɗiye shi da yawu ya kishingiɗa a kujerar jirgi, ƙwayar kan maƙale a hanyar abinci ta yi gyambo. Alamarsa zafi a tsakiyar ƙirji duk lokacin da aka haɗiye abu, yakan ɗauki mako guda ko fiye. Madara, da kindirmo, da fura da nono, da maganin ƙarin jini, da farin maganin ƙwannafi, duk suna riƙe shi a hanji su rage abin da ke shiga jini. A bar awa biyu zuwa uku tsakani. Ci da abinci ba laifi, yana ma rage tashin zuciya. Mai juna biyu ko mai sa ran ciki ta faɗa wa likita tun kafin a rubuta mata.

Ranar tafiya

Zaɓi hanyar da ba ta da gudu. Zango mai awa uku ya fi na minti 50, domin filayen jirgi irin na Istanbul da Dubai tafiya ce mai tsawo daga ƙofa zuwa ƙofa. Nemi keken guragu ko motar cikin fili aƙalla awa 48 kafin tashi, ba a biyan kuɗi. Mutane da yawa kan ji kunya saboda ba a ganin ciwon a jikinsu. Ka nema. Tsayuwar awa guda a layin shige da fice ita ke kwantar da mai jiri, ba zaman jirgi ba.

Karɓi kujerar bakin hanya. Tafiyar da ta wuce awa huɗu na ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, balle ga wanda ya daɗe a kwance. Tashi ka taka duk awa ɗaya ko biyu, a zaune kuma ka riƙa ɗaga diddige da yatsu. Safa mai matse ƙafa zuwa gwiwa na taimakawa, amma a auna ƙafa kafin a saya, kuma mai toshewar jijiyoyin jini ya tambayi likita. Sha ruwa kaɗan-kaɗan tun daga gida. Guji ƙwayar barci mai nauyi da za ta bar ka awa shida ba motsi. Toshen kunne da abin rufe ido na amfanar masu ciwon kai da haske ke tayarwa. A mota, daga Abuja zuwa Katsina misali, a tsaya duk awa biyu, kuma mai fama da rashin tattara hankali kada ya yi tuƙin nesa shi kaɗai.

Rabon ƙarfi bayan isa

Nan ne yawancin shiri ke rushewa, domin gida ba otal ba ne. Tun kafin a sauke akwati zaure ya cika, akwai ta'aziyyar da aka yi kana nesa, akwai gaida surukai, akwai ɗaurin aure a wani gari. Gajiyar wannan ciwo kuma ba ta nuna kanta nan take. Mutum zai yi yini yana zirga-zirga yana jin daɗi, sai gobe ko jibi ya kasa ɗaga kai.

Ga ma'auni mai aiki. Mako biyu kafin tafiya ka riƙa rubuta awa nawa kake iya yi a tsaye ko cikin mutane ba tare da ka biya bashin washegari ba. Abin da ka samu, ka ɗauki kashi biyu cikin uku a matsayin iyakarka a tafiya, domin zafi da canjin barci da abinci za su cinye sauran. Kwana biyu na farko babu fita. Bayan haka babban abu ɗaya a rana, da safe ko bayan la'asar, kuma kowace rana mai nauyi a bi ta da ranar hutu. Kwanta bayan azahar ko barci bai zo ba.

Sa wani babba a gidan, yaya ko baffa ko inna, ya zama mai tare maka baƙi. Maganarsa ta fi taka karɓuwa: "Likita ya ce ya huta, ku zo bayan la'asar." A ware lokaci ɗaya na gaisuwa, ka karɓi mutane a zaune. Za a kawo maka jiƙe-jiƙe da kyakkyawar niyya. Ka yi godiya ka ajiye, domin hantar da ta sha magani wata da watanni ba ta buƙatar abin da ba a san awonsa ba. Ga mai Umra, sa'ayi kaɗai ya kai kusan kilomita uku, kuma an halatta yin sa da ɗawafi a keke. Ka huta a masauki tukuna kafin ka fara.

Masu jiri idan sun miƙe su tashi a hankali, su fara zama a bakin gado minti guda. Ruwan gishiri da sukari na taimakawa a zafi: fakiti ɗaya cikin lita ɗaya, ko ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya ƙara gishiri. Ga ciwon gaɓoɓi, farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba. Ibufurofen da diklofenak suna cutar da ƙoda idan jiki ya bushe, a ajiye su ranar gudawa ko zufa mai yawa.

Abinci da ciki

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na dogon lokaci kan share ƙwayoyin kirki na hanji, saboda haka gudawa ta fi saurin kama ka. Ci abin da aka sauke daga wuta yanzu, sha ruwan da aka tafasa ko na gora mai hatimi, bar ƙanƙara da kwaɗon ɗanyen ganye da nonon da ba a dafa ba. Gudawa mai jini, ko mai zazzaɓi, ko mai wari sau da yawa a yini ga wanda ya sha irin wannan magani cikin wata uku da suka wuce, ba a tsayar da ita da ƙwayar tsai da zawo. Asibiti ake zuwa.

Mai alfa-gal aikinsa ya fi yawa. Naman shanu, rago, akuya, raƙumi, zomo, duk dabba mai shayarwa, haramiyarsa ce. Kaza, zabo, talo-talo, kifi da ƙwai ba su da matsala. Tarkon yana inda ba a gani: kazar da aka gasa a wayar tsire ɗaya da nama, miyar da aka yi da romon ƙashi, man shanu a kan tuwo, kitse a dambu. Alamar kan zo awa biyu zuwa shida bayan cin abinci, sau da yawa cikin dare, da borin jini, ko murɗar ciki, ko kumburin leɓe. Riƙe alluran adirenalin biyu irin su EpiPen a jikinka, ka koya wa mutum biyu a gidan yadda ake soka ta a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando. Numfashi ya toshe ko jiri ya zo, a soka nan take sannan a tafi asibiti. Sabon cizon kaska kan ƙara tsananta wannan matsala.

Kada a sake cizo

Kaskar Laim tun tana ƙarama, girmanta bai kai ƙwayar riɗi ba, ta fi cizo daga Mayu zuwa Yuli. Ba ta tashi, ba ta tsalle, a kan ciyawa da busasshen ganye take jira. Yawanci sai ta wuce yini guda a manne kafin ta zuba ƙwayar cutar, don haka dubawa kullum kariya ce ta gaske. Kaskar Afirka kuma tana da nata cututtukan. Ta jikin shanu na kawo zazzaɓi mai barin baƙin tabo a wurin cizo. Wata mai ratsin ƙafa na ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai zubar da jini, wanda ake iya ɗauka ta jinin dabba wajen yanka da fiɗa. A Senegal da Mali da Muritaniya akwai kaska mai laushi da ke zaune a ramin ɓera cikin ɗaki, tana cizo da dare, tana kawo zazzaɓin da ke tafiya ya dawo. Mai zuwa ruga, ko kara, ko mai fiɗar layya, ya sa safar hannu, kada kuma ya murƙushe kaska da farce.

A fata, shafa maganin korar ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, ko fikaridin kashi 20. Man kare rana ake fara shafawa, sannan wannan. A tufafi da takalmi da safa, fesa maganin kashe ƙwari na fametirin kashi 0.5 a waje inda iska ke kaɗawa, a bar shi ya bushe, yakan kai wanki shida. Ba a shafa shi a fata, kuma jiƙaƙƙensa guba ne ga kyanwa. Sa kaya masu haske, cusa ƙafar wando cikin safa. Da ka dawo ka yi wanka cikin awa biyu, ka duba hammata, matsematsi, bayan gwiwa, cibiya, ƙugu, bayan kunne da cikin gashi. Inda akwai injin busar da kaya, minti 10 a zafi mai ƙarfi na kashe kaskar da ke jikin busassun tufafi.

Idan ka same ta a manne, kama ta da matsefata mai tsini dab da fata, ka ja sama a miƙe a hankali, ba murɗawa. Kada a sa kananzir ko man shafawa ko ashana. Wanke wurin da sabulu, ɗauki hotonta, rubuta ranar. A yankin da Laim ta yi yawa, idan ta kai awa 36 a manne, likita kan ba da doksisaikilin miligiram 200 sau ɗaya cikin awa 72 da cirewa. Lura da wurin kwana 30. A baƙar fata, tabon Laim ba ya cika yin ja, yakan yi duhu kamar wurin da aka buge, yana faɗaɗa a hankali har ya wuce santimita 5, sau da yawa babu ƙaiƙayi. Zagaye bakinsa da biro ka duba washegari.

Alamomin da ba a jira da su

Ragowar Laim na kawo gajiya da ciwon jiki da mantuwa, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi. Ɗauki ma'aunin zafin jiki a jaka. Ya kai maki 38, kana can ko cikin watannin farko bayan ka dawo, a yi gwajin maleriya a ranar, ka kuma faɗi ƙasashen da ka je. Haka za a garzaya asibiti idan aka ga suma ko bugun zuciya a rikice, ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, karkacewar baki, sanƙarewar wuya da ciwon kai mai tsanani, ruɗewa, ko jini daga dasashi ko hanci. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, sai an zuƙi ruwanta an duba, domin tana iya zama wata ƙwayar ce dabam mai lalata gaɓa cikin kwanaki. Tun ranar da ka isa ka san asibiti mafi kusa mai ɗakin gwaji da ke aiki da dare, da wanda zai tuƙa ka.

Bayan dawowa ka bar kwana biyu ko uku kafin komawa aiki, ka ƙarasa maganin kariyar maleriya har ƙwayar ƙarshe, ka kai wa likitanka duk takardar gwaji da sunan duk maganin da aka ba ka a can.